Yadda Alhaji Barmo Ya Tafi Ƙwato Buzunsa

A wata Laraba da yamma, a Layin Magina cikin garin Funtuwa, a gindin dalbejiyar nan da ta ga shigewar gwamnoni barkatai ba ta rusuna wa ko ɗaya ba, manyan mutane biyu suka ƙulla alkawarin da ya girgiza tabarmi uku da buzu guda. Na farkonsu shi ne sadauki ɗan sadaukai, Alhaji Barmo ɗan Jatau Mai-Jakai, ɗan Nomau Sha-Rana, ɗan Bawale wanda aka ce ya taka da ƙafa daga Katsina har Gwanja ya dawo, da aka tambaye shi labarin hanya sai ya ce ai bai lura ba. Zuriya ce da Allah ya ajiye albarkarta a ƙafa. Shi kansa Barmo na Tabawa, gagara-birki, dodon masu tare hanya, mai sauka Hawan Kibo yana ɓarar gyaɗa, ya yi zamaninsa yana jan tirela tsakanin Ikko da Maiduguri, yana taka kuloci da ƙafar hagu safe da yamma, har ranar da kuloci ya tashi ramuwa ya cinye masa kwatangwalo.

Na biyu shi ne Sallau Mai-Sikeli, taubashinsa, tsohon mai awon auduga, siririn mutum mai sanyin murya. Nasabarsa ba ta da tsawo. Ba a san kakansa ya taɓa zuwa ko'ina ba sai gidan suna.

Abin da aka yi alkawari a kansa kuwa ba gona ba ce, ba gida ba ne. Mulki ne. A Layin Magina, kullum bayan Magariba, kowane magidanci yakan sa a fito da kwanon tuwonsa gindin dalbejiya a haɗa a yi ciyayya. Kafin kowa ya sa hannu, sai a tsamo duk naman da ke cikin miyar gidajen a tara a murfin kwano guda, a tura gaban mutum ɗaya, mai zama a kan buzu yana jingine da itacen. Shi zai raba. Shi ke yanke wa ya cancanci tsoka, wa za a hora da jijiya, wa aka gani yana dariya da 'yan wata jam'iyya don haka yau rabonsa fata. Kuma bisa al'adar da ba wanda ya san mafarinta, ƙashi mai ɓargo na mai rabo ne. Barmo ya gaji wannan muƙami daga wani dattijo da haƙoransa suka ƙare, ya kuwa riƙe shi da adalci irin na direba, wato na gidan gaba ya fi na bodi.

To ga shi likitoci sun ce kwatangwalon ya gama aiki, sai an cire an sa na ƙarfe. Dole buzu ya sami mai ɗumama shi.

"Sallau," in ji Barmo, "gobe za a tafi da ni. Na ba ka aron buzuna. Aro na ce, ka buɗe kunnen nan naka mai kama da faifai."

"Na ji, ranka ya daɗe. Aro zuwa yaushe? Ka san mu masu sikeli ba mu son magana ba ma'auni."

"Zuwa ran da na dawo."

"A goye, ko a baro?"

Mutanen tabarma suka yi dariya. Jinin Bawale ya motsa.

"Da ƙafata. Ba sanda, ba kafaɗar kowa. Washegarin Babbar Sallah, ranar da ake sauke raguna daga wuta, zan tako daga ƙofar gidana in zo in naɗe ƙafa a kan buzun nan in sa hannu a kwano, kana kallo. In ban yi ba, riƙe har abada, ka bar wa jikokinka."

"Liman, ka ji shi," in ji Sallau a hankali.

Liman Zubairu, limamin masallacin layin, ya ce ya ji, aka shafa fatiha. Ba fa wanda ya roƙi Barmo ya ƙara zancen naɗe ƙafa. Shi ya ƙara da kansa don maganar ta yi kyau, yadda ake rataya wa mota tuntu a madubi.

Babban gumurzun farko an yi shi ne a ɗakin tiyata, kuma tarihi ba zai ɓoye ba, gwarzon ya yi shi ne a kwance. An soka masa allura a baya, rabinsa na ƙasa ya yi murabus, aka tare masa fuska da ƙyalle. Amma kunnuwansa suna nan daram. Ya ji kukan zarto, ya ji guduma tana sauka, ya ji ana cewa a miƙo wancan, ba wannan ba, wancan. Sai hankalinsa ya kwanta, don ya gane wurin. Gareji ne. Boris ɗin taya ake canza masa.

"Likita," ya ce daga bayan ƙyalle, "abin nan da za ku sa, sabo ne ko ɗan Kwatano?"

Aka ce sabo ne dal.

"To a ajiye mini tsohon. Mu ba mu barin kaya a wurin bakanike."

Wannan ita ce kaɗai maganar da ya yi a fagen fama, kuma jama'ar Layin Magina sun riƙa maimaita ta a matsayin shaidar jarumta.

Gari na wayewa, tun raɗaɗi bai gama gabatar da kansa ba, sai ga babbar abokiyar gaba ta bayyana. Ba ta zo da zarto ba. Ta zo da farar riga da murmushi da takalmi marar ƙara. Sista Rifkatu ke nan, mai gashin ƙashi, gajeruwar mace wadda ta tayar da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da alƙalai daga kan gado, kuma ba ta taɓa jin tausayin ko ɗaya ba sai a zuci.

"Baba, yau za mu tashi tsaye."

"Mu wa? Ke ai a tsaye kike."

"Ni da kai."

"'Yar nan, jiya fa aka yi mini zarto. Ko itace aka sara ana barinsa ya bushe."

Ta jawo wani kejin ƙarfe mai ƙafa huɗu ta girke a gaban gado, irin wanda mutum ke riƙewa ya tura gaba sannan ya bi shi. Nan aka yi Yaƙin Bakin Gado, wanda masana suka haɗu a kan cewa ba a taɓa zubar da gumi irin nasa a kan tazarar da ba ta kai tsawon sallaya ba. Sadauki ya zuro ƙafar dama, ƙasa ta karɓe ta. Ya zuro ta hagu, sai ya ji kamar ta maƙwabci ce aka ba shi ajiya. Ya damƙi ƙarfen, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ɗakin ya juya kamar ana kwana da tirela ba a rage wuta ba, rigar asibiti ta buɗe ta baya ta tona asirin da aka yi shekaru ana rufewa da babbar riga, ya tattara ƙarfin Jatau da Nomau da Bawale da jakunansu duka, ya yi kabbara da murya irin ta mai fasa runduna.

"A matsa! Ga Barmo nan!"

Ba kowa a gabansa sai fo a ƙarƙashin gado. Ya miƙe. Ya tsaya kamar na ɗan lokacin da ake ɗauka a yi atishawa. Ya koma ya zauna.

"Madalla," in ji Sista Rifkatu. "Anjima za mu sake."

A ranar ne kuma ta karanta masa dokokin sabon kwatangwalo, a gaban uwargidansa Hajiya Tabawa, da Hausa garau wadda ko akuya za ta fahimta. Kada ya harɗe ƙafa. Kada ya tsuguna. Kada ya sunkuya ɗaukar abu a ƙasa. Zai kwana da filo tsakanin cinyoyi. Sallah a kan kujera, masai mai tudu. Zaman ƙasa kuwa, tabarma ko buzu ko darduma, ya manta da shi tukuna, ba wannan Sallar ba, watakila ma ba ta baɗi ba. In ya kuskura ya lanƙwashe da yawa, kan ƙarfen zai iya zamewa daga gurbinsa, a dawo da shi gaban likita a kwance.

Barmo ya gyaɗa kai a kowace gaɓa yana cewa, "Daidai ne, haka ne, Allah ya saka." Haka ya saba yi wa masu kaki a shingen hanya duk tsawon rayuwarsa. A iliminsa, doka aba ce mai iyaka, tana aiki ne daga inda mai ita yake tsaye zuwa inda idonsa ya daina hango ka. Dokar asibiti ta asibiti ce, tana ƙarewa a bakin get. Hajiya Tabawa ita ba ta gyaɗa kai ba. Ta dai saurara.

Daga nan aka buɗe Fagen Baranda. Kullum safe da yamma ana fito da mayaƙin bisa ingarmansa mai ƙafa huɗu, ya tura, ya ja, ya huta, ya tura, ya ja, ya yi tsaki. Mutumin da motoci ke kauce wa tun daga nesa, yau ga shi wata tsohuwa mai jan sandar ƙarin ruwa ta sha gabansa ta hannun hagu, ba ko hon, har ta juyo ta ce masa, "Sannu, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Ya ce wa Hajiya a rubuta lambarta. A ƙarshen barandar akwai wata tukunyar fulawa ta roba. Ranar da ya cim mata, ya dafa ta kamar wanda ya ci gari da yaƙi, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa zuwa nan kafin shi. Aka ce mai shara yana zuwa kullum.

Da aka sallame shi ya dawo gida yana murna ya tsere wa mulkin mallaka, sai ya tarar an riga an naɗa gwamna. Hajiya Tabawa ta haddace dokokin Sista kaf, har da waɗanda Sista ba ta faɗa ba. Ta sa an ɗaga gado da bulo. Ta sa an ɗora wa masai wata kujera mai rami. Ta kwashe duk tabarmin ɗakinsa ta kai gidan 'yarta. Ingarman da yake ji da shi kuwa, ita keken koyon tafiya take ce masa, a gaban baƙi.

"Alhaji, ɗauki kekenka ka zagaya rijiya."

"Hajiya, ni fa mijinki ne."

"Shi ya sa. Da na wata ne ina ruwana."

Ya ku masu sauraro, wane alƙalami ne zai iya ƙidaya fitintinun da suka auka wa wannan bawan Allah a tsakar gidansa? Akwai Harin Kaji, ranar da aka watsa tsaba kusa da ƙafarsa rundunar masu fukafukai ta kewaye shi, ya tsaya cak a tsakiya yana ba da umarnin da ba mai bi. Akwai Tawayen Silifa, lokacin da takalmin hagu ya zame ya yi gaba shi kaɗai, sadauki ya tsaya yana kallonsa a ƙasa kamar mai kallon ƙasar da aka kore shi daga cikinta, don ba shi da izinin sunkuyawa. Akwai Kewayen Dokin Ƙofa, wannan ɗan tudun siminti na bakin zaure da ya tsallaka sau dubbai bai san da shi ba, yanzu ya zame masa ganuwa, ya yi sansani a gabansa kwana da kwanaki yana nazarin ta inda za a ɓullo masa. Ga kuma atisayen da Sista ta ɗora masa, ya kwanta ya matse ɗuwawu ya saki, ya matse ya saki, aikin da bai taɓa tsammanin za a wayi gari jikan Nomau yana yi da niyya ba, har matarsa na tsaye tana cewa bai matse da gaske ba.

Amma fa a faɗi gaskiya ko da a kan Barmo ne: mutumin ya yi. Ranar da zafi ya sa shi hawaye ya ce hayaƙin murhu ne, ya tashi ya sake zagaya rijiya. Ba don Sista ba, ba don lafiya ba. Duk takun da ya yi, ƙashi mai ɓargo yake hangowa.

Kowace Juma'a kuma sai ga Sallau ya zo dubiya. Abin da Barmo ya lura da shi, kuma ya fi ɗinkin cinyarsa ciwo, shi ne wuyan Sallau ya fara cikowa. Kumatunsa sun soma sheƙi.

"Ranka ya daɗe, ya ƙarfin jiki? Buzunka na gaishe ka."

"Ka ce masa ina tafe. Kai kuma ka rage zama a tsakiyarsa, kana cinye masa gashi."

"Ai riƙo nake yi. Jiya ma gidan Liman suka yi miyar ƙashin sa. Na sha wahala ƙwarai kafin ɓargon ya fito, sai da na buga a gindin itace. Na ce oh, da mai shi na nan."

"Ɓarawon awo."

"Direban da ya kashe kuloci, kuloci ya kashe shi."

In zai tafi sai ya tsaya a tsakar gida su gaisa da Hajiya, ya tambaye ta cikin ladabi me da me likita ya hana, wai don ya riƙa sa shi a addu'a. Hajiya ta zayyana masa duka. Sallau ya saurara da kyau. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kallon allurar sikeli yayin da mai kaya ke kallon sama.

Kwanaki suka tura. Ingarma mai ƙafa huɗu ya yi ritaya, Hajiya ta mai da shi wurin shanya tawul. Aka koma sanduna biyu na hammata, daga nan sanda ɗaya, daga nan sadauki ya fara satar taku daga gado zuwa ƙofa ba komai a hannu, yana tangaɗi kamar motar da aka yi wa lodi gefe guda. Watan Babbar Sallah ya kama. Raguna suka cika layi da kuka, aka yi Idi, aka yanka, aka jera su a bakin wuta.

Washegari da La'asar sakaliya, da yake ciyayyar naman Sallah ba ta jiran Magariba, Alhaji Barmo ɗan Jatau ya yi shirin fita. Ya sa shadda mai ruwan toka, ya kafa hula, ya fesa turare har kaji suka yi atishawa. Ya ɗauki sandarsa ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu, yadda ake ajiye makami.

"Riƙe. Ba ni da sauran bukatarta."

"Alhaji, in ka je can a kan me za ka zauna?"

"A kan abin da ubana ya zauna."

"Ubanka da ƙashinsa aka binne shi. Kai naka yana cikin leda a saman sif."

Ya juya ya nufi zaure. Manyan mutane ba su jayayya a ranar fita.

Ya tsallake dokin ƙofa, tsohon maƙiyinsa, ko kallonsa bai yi ba. Ya fito layi. Daga ƙofar gidansa zuwa gindin dalbejiya, mai lafiya zai je ya dawo kafin shayi ya huce, amma a wannan yammaci tazarar ta miƙe ta zama hanyar Gwanja. Ga kwata ta cika ta batse da ruwan wankin hanji, ga tokar gashin raguna, ga ƙahoni a warwatse kamar bayan an tashi daga fama, ga ƙudaje runduna runduna. Ya tsaya a bakin kwata ya auna ta da ido. Ya tuna karatun Sista, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, marar lafiya ke fara sauka, ya rasa ko tsallake kwata hawa ne ko sauka. Ya yi bisimilla ya jefa ta dama, ta hagu ta biyo baya da kanta kamar an aike ta. Wani ɗan acaɓa ya taho a guje ɗauke da cinyar sa, sadauki ya ɗaga hannu ɗaya ya daka masa tsawa irin ta Hawan Kibo.

"Kauce, babbar mota ce!"

Ɗan acaɓa ya kauce, ko don tsawar ko don dama can hanyarsa ke nan, Allah ne masani. Mata suka leƙo ta zaure. Mai shago ya bar ciniki. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ko da yake daga baya an ce jikarta ce ta haihu. Shi dai Barmo ya karɓa. Ya ci gaba, kafaɗa a buɗe, gumi na bin bayansa, ƙarfen Turawa na juyawa a cikin naman Bawale lafiya lau ba ko ƙara, har inuwar dalbejiya ta sauka a kan hularsa.

Jama'ar tabarma suka ɗauki barka. Liman Zubairu ya ce, "Masha Allah, da ƙafarsa." A tsakiya ga tire an tula soyayyen nama daga kowane gida, ga haƙarƙari, ga hanta, ga wani ƙashin cinya mai ɓargo kwance a sama kamar an naɗa shi sarauta.

Sallau ya tashi daga kan buzu ba gardama. Har kakkaɓe shi ya yi, ya gyara masa kusurwa.

"Bisimilla, ranka ya daɗe. Ga amanarka. Saura naɗe ƙafa."

Barmo ya dubi buzun. Bai taɓa lura da nisan da ke tsakanin mutum da ƙasa ba sai yau. Ya cire takalmi. Ya dafa dalbejiya da hannun dama, ya tattare riga da na hagu, ya fara sauka a hankali kamar mai bin gangare da lodin siminti. Gwiwa ta lanƙwashe. Ƙugu ya bi. Ya kai rabin hanya, sai wani abu can cikin kwatangwalo ya yi masa magana, ba da ƙarfi ba, ɗan ja kawai, irin jan da birki ke yi kafin ya tsinke. A nan ne, tsakanin sama da ƙasa, ɗuwawu a iska, Alhaji Barmo ya gano abin da bai gano ba a shekarunsa na hanya: wannan dokar ba a bakin get ta tsaya ba. An ɗinke ta a cikinsa, ya taho da ita. Ya ji kukan zarto a kunnensa. Ya hango rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Ya hango murmushin Sista Rifkatu tana cewa, Baba, yau za mu tashi tsaye.

Ga buzu a ƙasa, saura kaɗan. Ga ƙashi a kan tire.

Sadauki ya miƙe. A hankali, yana bin itacen da hannu, ya koma sama inda ya fito.

"Buzun nan," ya ce, "an ɓata shi. Ya yi ƙasa."

"Haka ne," in ji Sallau. "Ni ma na lura."

Ya zagaya bayan dalbejiya ya fito da wata farar kujerar roba mai hannu, sabuwa, an ma ɗora mata filo. Tun da hantsi take jingine a wurin. Ya girke ta a gefen tabarma ya goge ta da hannun riga.

Barmo ya zauna. Kujerar kuwa daidai take, kamar an auna. Daga can sama ya miƙa hannu wajen tire, hannu ya tsaya a iska, tsakaninsa da nama akwai sunkuyon da aka haramta. Wani mai tausayi ya ce ko a ɗora masa tiren a cinya ya raba daga nan. Liman Zubairu ya yi gyaran murya ya ce shi dai tun tasowarsa bai taɓa ganin an ɗaga abincin jama'a sama da kawunan jama'a ba, kuma shi shaida ne, an ce naɗe ƙafa, an shafa fatiha a kai. Nan shari'a ta ƙare.

Sallau ya koma kan buzu ya naɗe ƙafafunsa biyu, har da ɗan nishi na jin daɗi. Ya raba nama. Ya zaɓi hanta mai laushi ya sa a ɗan faranti ya miƙa sama.

"A ba Alhaji. Mai jinya ba ya son abu mai tauri."

Sannan ya ɗauki ƙashin ya buga a gindin itace.

Ana cikin ci sai ga akuyar gidan Liman, wadda ta tsira daga layya don ramarta, ta doso tire. Mutanen tabarma duk dattawa ne, kowa ya naɗe, tashinsu sai an dafa ƙasa an kira sunan Allah. Aka duba aka ga mutum ɗaya ne a wurin zai iya miƙewa nan take.

"Alhaji, da yake kana sama," in ji Sallau da baki cike, "ɗan kora mana ita. An ce ma tafiyar magani ce a gare ka."

Jikan Nomau Sha-Rana ya tashi tsaf, ba sanda, ba kafaɗar kowa, ya kori akuya har bakin kwata. Kowa ya yaba da yadda yake taku.

Ga yadda aka tashi a wannan yaƙi. Sallau Mai-Sikeli ya ci buzu da ɓargo, shi da jikokinsa, bai taka ko'ina ba. Sista Rifkatu ta ci, don an ce tana ba sababbin majinyata labarin wani tsoho a Funtuwa da ya warke da wuri saboda biyayya. Hajiya Tabawa ta sami wurin shanya tawul. Alhaji Barmo ya rasa muƙamin da ya tashi dominsa, ya sami ƙafar da bai tashi dominta ba, da kujerar roba, da sabon aiki, don tun daga ranar in akuya ta zo, ko buta ta ƙare, ko ana son a leƙa a ga ko an kira Isha, shi ake duba. Akuyar kaɗai ce ta yi asara tsantsa. Da can sai ta ci ta ƙoshi kafin wani ya iya tashi.